Ranar da Ɗigon Fergal Ya Bar Gona

Ku gyara zama, ƙawayena na wannan shafi, labarin yau yana da ɗan tsawo. Wadda ta shigo yanzu kada ta damu, ko a ajina wanda ya makara ba na hana shi kujera. Sunana Nuala Hession, malamar firamare ce ni a birnin Galway. Akwai wani manomi, Fergal Mulqueen, da muka shekara uku muna tare. Gonarsa tana can yammacin lardin Clare, shanun tatsa ya gada daga mahaifinsa, kuma yana zaune da mahaifiyarsa a gidan da aka haife shi. Iyakar abin da kuke buƙatar sani ke nan kafin jirgi ya tashi.

Tun muna kwaleji muke da wata al'ada ni da ƙawayena biyu, Majella da Dervla. Duk hutun tsakiyar zango na watan Fabrairu sai mu nemi tikitin jirgi mafi araha, mu tafi wani birni daga Juma'a zuwa Lahadi. Mun je Krakow sanyi ya kusa hallaka mu, mun je Bologna mun ci taliya har siket ya ƙi rufuwa. Ba ma ɗaukar komai sai 'yar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera, ba ma zuwa da maza, kuma kullum ni ce mai tsara tafiyar. Majella ma'aikaciyar jinya ce, a asibiti ba ta mantuwa, amma a waje ko fasfonta sai na tuna mata. Dervla kuwa a kemis take aiki, ita dai a nuna mata inda za ta zauna a kawo abinci.

To bana sai suka ce in huta. Wai sun zaɓi Porto, sun kama ɗaki, sun gama komai. Na ce madalla, amma a raina na ajiye abin gefe guda, kamar yadda nake yi idan yaron da bai taɓa share allo ba ya tashi da kansa ya share.

Ranar Laraba da yamma Dervla ta zo ƙofar makaranta da mota, ta ce in shiga, ta kama mini layi wurin gyaran farce. Ni fa farcena kullum a yanke yake ƙasa-ƙasa, saboda yumɓu da fenti da ƙananan hannuwan da ke kama nawa duk yini. Na gaya mata haka, ta ce kyauta ce, kuma ba a mayar da kyauta. Ita ta zaɓi launin, wani ruwan hoda mai haske, ta tsaya a kan mai gyaran tana cewa a kula da hannun hagu sosai.

Na kalli nata farcen. Duk ya ɓaɓɓalle.

"Ke ba za a yi miki ba?"

"Ni wa zai kalli hannuna? Malama, miƙa yatsa ki daina tambaya."

Ranar Alhamis na je gidan iyayena a Athenry cin abincin yamma. Duk wadda ta daɗe a shafin nan ta san karatun Mama, ta haddace shi kamar addu'ar coci. Fergal yana da gona a bakin titi, ba ya shaye-shaye, ba ya fashin coci, ni kuma watan Mayu zan cika talatin da ɗaya, 'yar ƙanwarta da na girma ma har ta haifi na biyu. Da wannan ake zuba dankali, da shi ake kwashe kwanuka. Ranar nan kuwa ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba. Sai murmushi take yi wa tukunya. Da na shiga ɗakina na dā, na tarar ta goge rigata mai ruwan madara, wadda na sa a bikin wata 'yar uwarmu, ta naɗe ta cikin takarda mai laushi.

Na ce, "Mama, Fabrairu ake ciki. Can ma ruwa ake yi."

"Ki tafi da ita dai. Mace ba ta sanin inda za ta tsinci kanta."

Baba ko ido bai yarda mun haɗa ba. Sau biyu yana tashi daga tebur wai zai duba kare, alhali karen yana kwance a kan ƙafarsa. Da zan tafi ya raka ni har mota, abin da ba ya yi, ya daɗe yana goge madubin gefe da hannun rigarsa, sannan ya ce in tuƙa a hankali.

A hanya na jera su ɗaya bayan ɗaya: tafiyar da ba ni na tsara ba, farce, riga, shirun Mama. Kowace yarinya a ƙasar nan ta san abin da waɗannan ke nufi. Saurayi ya je ya nemi izinin uba a ɓoye, ya haɗa baki da ƙawaye, a kai yarinya wani wuri mai kyau, ya ɓullo ya durƙusa da zobe, mai hoto yana laɓe a bayan bishiya. Ita ce ta ƙarshe da za ta sani, kuma wai daɗin abin ke nan.

Bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu, don kada ku yi mini mummunar fahimta. Ina son Fergal. Ina son yadda yake cire takalmin roba a bakin ƙofa ya jera su daidai, ina son yadda yake yi wa maraƙi magana kamar baƙon da ya zo daga nesa. Amma akwai ajina. Aji ne na musamman, yara shida waɗanda ba sa jure canji, wasu ma sai da na yi zango guda kafin su yarda su kalli fuskata. Shekaru na yi ina yawon riƙon ƙwarya daga wannan makaranta zuwa waccan kafin a ba ni wannan gurbi na dindindin. Daga gonar Fergal zuwa makarantar tafiya ce mai nisa, ba wadda mutum zai yi kullum safe da yamma ba. Shanu kuwa ba a ɗauke su a kai birni. Ba mu taɓa zama mun yi wannan magana ba. Duk sanda na ɗauko ta, ko saniya ta shiga naƙuda, ko lokacin yankan ciyawa ne, ko mahaifiyarsa ta turo ƙofa da tiren shayi. Kuma a wurinmu da zarar hoton zobe ya shiga zauren dangi na waya, an gama. Kafin Litinin an yi wa fada, limamin coci, magana, an kama otal, kowa ya ɗauka amarya ta tattara ta koma gona. Wadda ta ce a dakata bayan nan, ita ce mai fasa wa mutane biki.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali: Fabrairu ne, watan haihuwar shanu. A wannan wata Fergal ko aski ba ya zuwa.

Ina da hanyar tabbatarwa kuma. Bara wani maƙwabcinsa bijimi ya buge shi a cikin fili, ya kwanta a nan har yamma ba wanda ya sani. Tun daga ranar na sa Fergal ya buɗe mini wurin da waya ke nuna inda mutum yake, tunda shi kaɗai yake aiki. Wani ɗan ɗigo ne shuɗi a kan taswira. Lokacin hutun tara a makaranta nakan leƙa, in na ga ɗigon ya daɗe a fili ɗaya bai motsa ba sai in kira. Shi ya ma manta da abin, kamar yadda mutum ke manta da agogon hannunsa. A watan Fabrairu ɗigon nan wuri uku kawai yake zuwa: rumfar haihuwa, ɗakin tatsa, da kicin.

Ranar Juma'a muka sauka Porto cikin yayyafi. Ɗakin da suka kama yana hawa na huɗu, ba na'urar hawa, Dervla tana zagin matakala tun daga ƙasa har sama. Amma ɗakin ya yi kyau, bango da fale-falen shuɗi, gadaje biyu da doguwar kujera, taga tana kallon rufin gidaje jajaye har zuwa kogi. Muka fita muka ci gasasshen kifi da dankali, su biyun suka sha giyarsu, ni na tsaya a lemo don kaina yana ɗan sarawa. Na lura Majella ta kife wayarta a kan tebur. Majella fa, wadda ke karanta mana saƙonnin mijinta da ƙarfi har da kwaikwayon muryarsa. Na lura kuma duk sanda na dawo daga wanke hannu sai hira ta koma kan farashin haya.

Saƙon Fergal ya shigo muna cin abinci: "Barka da sauka. Biyu sun haihu yau, mace da namiji. Kada ki yar da lemarki kamar ta Krakow."

Na duba ɗigo. Yana rumfar haihuwa, daram.

Sai na ji wani abu da ya ba ni mamaki. Na ji sanyi a raina, wannan na sa ran jinsa. Amma a ƙarƙashin sanyin akwai wani ɗan ɗaci, kamar yarinyar da ta ji ana raɗa ta ɗauka kyautarta ake ɓoyewa, ashe ba da ita ake ba. Na zauna ina juya abin, ina tambayar kaina, to ke Nuala, wanne kike so? Kafin in ankara kifin ma ya huce.

Da safiyar Asabar muka sauka wani ɗan shago a ƙasan gidan muka karya da kofi da irin ƙananan kek ɗin nan na ƙwai masu zafi. Nan Dervla ta karanto tsarin yini. Wai da safe yawo kaɗan, ba mai gajiyarwa ba. Da rana mu koma ɗaki ta gyara mini gashi. Ƙarfe huɗu kuma mu haye gada zuwa wani lambu a kan tudu mu kalli gari, kuma lallai in sa rigar nan mai ruwan madara, don wai hotunanmu na bara duk cikin rigunan ruwa muka fito kamar masunta.

Na ce to. Na jawo waya ƙarƙashin tebur.

Ɗigon ba ya rumfa. Ba ya ɗakin tatsa, ba ya kicin. Na matse taswirar, Clare gaba ɗaya ba shi. Can na same shi a ɗaya gefen ƙasar, ya dushe ya zama ruwan toka, yana tsaye a filin jirgin Dublin tun da asuba. A samansa ga saƙo: "Aiki ya yi yawa yau, ba za ki same ni ba sai yamma."

Shekarun da na yi a aji sun koya mini cewa ba a tuhumar yaro kai tsaye. Tambaya ƙarama ake yi, cikin murya mai laushi, sannan a yi shiru a jira. Na kurɓi kofi, na goge bakina, na ce kamar mai tambayar yanayin gari:

"Wai ni wa ke tatsar shanun Fergal yau?"

"Mijin ƙanwarsa mana, ai tun jiya ya..." Majella ta tsaya da baki buɗe.

Dervla ta ƙware da kek. Sai da na bubbuga mata baya, tana tari tana nuna Majella da yatsa.

"Wata biyu," in ji ta da ta samu numfashi. "Wata biyu ina riƙe da bakina kamar mai ciwon haƙori, ke kuma tambaya ɗaya ta kayar da ke. Allah ya sa ba ke ke riƙe da sirrin marasa lafiya ba."

Daga nan suka zazzage komai. Ya je wurin Baba tun watan Janairu. Shi ya roƙe su su zaɓi gari mai tudu da kogi, don ya taɓa jin na ce ina so. An ɗauki mai hoto, wata mata 'yar garin, za ta tsaya kamar mai ɗaukar hoton tsuntsaye. Majella sai haƙuri take ba ni, wai ta ɓata mini ranar da ba a samun irinta sau biyu. Da ta ga ban yi dariya ba kuma ban yi kuka ba, sai ta dafa hannuna.

"Nuala, ko ba kya son sa ne?"

"Ina son sa. Ban san inda zan kwana ranar Litinin ɗin farko bayan biki ba, shi ke nan."

Dervla ta ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, in amsa a gaban kyamara, sauran a daidaita daga baya, kowa haka yake yi. Majella ta kawar da kai. Ita ta san abin da ake nufi da daga baya, don tun aurenta take kwana biyu a mako a ɗakin wata ƙawarta kusa da asibiti, kuma har yau ba a daidaita ba. Ta daɗe tana juya cokali a kofi, sannan ta ce in ɗauki lema in tafi, su za su san abin da za su gaya wa mai hoto.

Wajen tsakar rana ɗigon ya farfaɗo. Na zauna a bakin gado ina kallonsa yana tahowa daga filin jirgi a hankali, yana tsayawa tasha-tasha, sannan ya sauka ya sha kwana sau biyu ba dalili, alamar ya ɓata hanya, daga ƙarshe ya tsaya a wani lungu kusa da kogi. Shekara guda ina bin ɗigon nan tsakanin rumfa da kicin. Ganinsa a tsakiyar wani gari na daban, shi kaɗai, ya sa na ji tausayinsa kamar in ɗauke shi in sa a aljihu.

Ban sa rigar ba. Na zura tsohuwar rigar ruwata koriya da takalmin yawo, na gangara.

Ta gilashin wani ɗan gidan kofi na hango shi, can a kusurwa. Ya sa shuɗiyar rigar da na saya masa, har yanzu da layin ninki a ƙirji. Ya yi sabon aski, wani farin layi ya fito a bayan wuyansa inda rana ba ta taɓa gani ba. Jakar baya tana kan cinyarsa, ya rungume ta da hannu biyu. Ya nemi shayi an kawo masa ruwan zafi da ganye ba madara, bai taɓa ba. Wayarsa kuma ya jingina ta da gwangwanin sukari, tana nuna masa kyamarar rumfar haihuwa. Ya tsallaka teku don ya nemi aure, amma idonsa yana kan wata saniya mai baƙi da fari da ke kwance a kan ciyawa. Leɓɓansa suna motsi, ban sani ba ko da ita yake, ko kalmomin yamma yake maimaitawa.

Na ja kujera na zauna a gabansa.

Ya kalle ni, ya kalli agogo, ya sake kallona. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ai ba yanzu ba ne," ya ce.

Na juya masa wayata. Ɗigo biyu, nawa da nasa, sun hau kan juna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Na ɓoye wa dukan mutanen Clare. Har fada na yi wa ƙarya. Ashe mai tona ni yana aljihuna."

Muka yi dariya tare, har mai shagon ya leƙo. Na sa aka kawo masa madara, na haɗa masa shayin yadda yake so, na jira ya sha. Sannan na ce masa akwai tambayar da nake so in yi kafin ya yi tasa, kuma na fi so in yi ta a nan, inda ba mai ɗaukar hoto. Na tambaye shi, idan mun yi aure, ina za mu zauna, kuma yaya za a yi da makarantata.

Ban ga tsoro a fuskarsa ba. Mamaki na gani.

"Amma ai kin riga kin yanke shawara. Ƙarshen shekarar nan za ki ajiye."

"Wa ya ce?"

"Mamarki."

Ya ba ni labarin dalla-dalla, don Fergal ba ya iya taƙaitawa. Ranar da ya je neman izini, bayan Baba ya miƙa masa hannu, shi da kansa ya ɗauko maganar, don ta daɗe tana hana shi barci. Ya ce ya san yadda nake ji da yaran nan, bai san yadda za a yi ba. Baba ya ɗaga kai yana kallon silin. Mama kuwa ta ce kada ya damu ko kaɗan, Nuala ta gaji da birni, da bakinta ta ce za ta ajiye aikin, kuma ta ji labarin wata malama za ta yi ritaya a makarantar ƙauyensu. Ya ce ya fito daga gidanmu ranar nan kamar an sauke masa buhu daga ka.

Sai na tuna. Wata Juma'a ce a watan Nuwamba, na je gida a gajiye, da shatin cizo a hannuna, na faɗa kan kujera na ce wata rana sai na ajiye aikin nan na huta. Irin maganar da kowace malama ke yi duk Juma'a, Litinin kuma ta riga kowa zuwa. Mama ta ɗauke ta ta adana, ta gina mini gida a kanta har da labule.

"To me ya hana ka tambaye ni, Fergal? Kusan kullum muna waya."

Ya buɗe hannuwa. "In na tambaye ki inda za mu zauna, ai kin gane. Kowa ya ce mini kada in bari ki gane. Dervla ta ce in na ɓata abin sai ta kashe ni."

Na kalle shi, na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Mutumin nan ya tambayi Baba, ya tambayi Mama, ya tambayi ƙawayena har launin rigar da zan sa. Ni kaɗai al'ada ta hana shi tambaya.

Na gaya masa a hankali, yadda ba zai ji kamar duka ba, cewa ba zan bar ajin nan ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Na ce ban san ko har abada ba ne, amma ba zan yi masa alkawarin abin da ban shirya ba. Shi ma ya faɗi tasa: shanu saba'in ba sa bin mutum birni, tatsa ba ta jira, kuma mahaifiyarsa gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ba zai bar ta ita kaɗai a gidan nan ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Kowa ya ajiye kayansa a kan tebur, muka zauna muna kallonsu.

Ana cikin haka saniyar da ke cikin waya ta miƙe, ta juya, ta sake kwanciya, jelarta a ɗage. Ni ma na san alamar. Na ce a raina, shi ke nan, yau ma maganar ta tafi. Fergal ya ɗauki wayar ya kira mijin ƙanwarsa, ya ce masa ya leƙa rumfa, mai farin goshin nan ta fara, kada ya yi gaggawar ja, ya ba ta lokaci. Ya kashe. Sannan ya kife wayar a kan tebur, ya ture ta can gefen gwangwanin sukari.

"Ina jin ki," ya ce.

Ban taɓa ganin ya yi haka ba a watan Fabrairu.

Muka daɗe. Ya kawo shawarar mu kama gida a tsakiya, wajen garin Gort, ya lissafa da kansa ya ga ba zai iya barin shanu masu ciki su kwana ba kowa ba. Na kawo ta in zauna Galway ranakun aiki in zo ƙarshen mako, na tuna fuskar Majella na janye ta. Ba mu samu mafita ba, kada ku ɗauka mun samu. Amma karo na farko ke nan da muka neme ta mu biyu, ba tiren shayi a tsakani.

Can ya sunkuyar da kai yana wasa da zip ɗin jakar.

"To a'a ce ke nan?"

"Ba a'a ba ce. Ba ka tambaye ni ba tukuna. Ina roƙonka kada ka tambaya yau."

"Zoben kakata ne. An rage shi daidai yatsanki. Ko kallo ba za ki yi ba?"

Ku yarda da ni, na so in gani, har yatsuna suna ƙaiƙayi. Amma na san kaina. In na ga zoben tsohuwar nan a cikin babban tafinsa mai kaushi, zan ce e, sauran kuma a bar wa daga baya.

"In na gani ba zan iya ba. Bar shi a rufe."

Ya gyaɗa kai, ya ja zip ɗin ya rufe. Idanunsa sun yi ja, ya juya yana kallon taga. Na san abin da yake hangowa: komawa gida hannu wofi, mijin ƙanwarsa a bakin rumfa yana jiran labari, mutanen coci gobe. Na kama hannunsa, bai janye ba.

Ƙarfe huɗu ta wuce muna nan zaune. Saƙon Dervla ya shigo da hotuna: ita da Majella a kan tudu, iska ta watsa musu gashi, Dervla ta durƙusa tana miƙa wa Majella kek. A ƙasa ta rubuta, "An riga an biya mai hoton, ba za mu yi asara ba. Ta ce e." Na nuna wa Fergal, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Hoton bai gama rufewa ba wayar ta fara ruri. Mama ce, kiran bidiyo.

Na zuba mata ido. Na fara haɗa kalmomi a raina, irin masu laushi da nake rubuta wa iyayen yara. Sai Fergal ya miƙo hannu.

"Kawo. Ni na je wurinta, ni zan gaya mata."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya danna. Fuskar Mama ta cika wayar, ta sha jan baki, ta sa 'yan kunnen da ba ta sawa sai Kirsimeti. Da ta ga shi ne sai ta dafe ƙirji tana murmushi, tana cewa to, to, a nuna mata hannun.

"Misis Hession, ban tambaye ta ba," in ji Fergal. "Akwai maganar da ya kamata in yi da Nuala tun Janairu, sai na yi da ke. Yau muka fara ta, kuma ba mu gama ba."

Murmushin Mama ya tsaya cak. Hannunta ya saki, wayar ta karkata, sai ga kicin ɗinmu gaba ɗaya. Ƙannen Mama uku a jere. Kek mai hawa biyu a tsakiyar tebur. Kofunan nan masu bakin zinariya da ba a fito da su ba tun rasuwar kakata. Baba a can jikin ƙofa, yana kallon silin. A kan kujerar Baba kuma, da hular zuwa coci da jaka a kan gwiwa, Misis Mulqueen, mahaifiyar Fergal, ce zaune, matar da ko bikin 'yar ƙanenta ba ta bar Clare ta je ba.

Sai ita ta ajiye kofinta a hankali, ta miƙa hannu.

"Ba ni wayar nan," ta ce wa Mama. Ta kawo ta daf da fuskarta har ba a ganin komai sai tabarau. "Ba kai nake nema ba, Fergal. Ba ni yarinyar."

Fergal ya kalle ni. Na goge tafina a jikin rigar ruwa, na gyara zama kamar ranar da sufeto ya shigo ajina, na karɓa.